Giyar Hannu a Motar Atomatik da Batun Shan Mai a Hanyoyin Ikara, Makarfi da Kudan

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, lissafin tafiya ya sauya wa duk mai abin hawa a Nijeriya, domin litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta zarce naira 1,000. A ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan, inda arzikin jama'a ya rataya a kan kai amfanin gona kasuwa, wato raken da Makarfi ta yi suna da shi, da tumatir da barkono da masarar da ake ɗauka daga Hunƙuyi da Ikara zuwa Zariya da Kano, wannan tsada ta sa masu motoci neman kowace dabara da za ta rage musu kuɗin gidan mai. Ɗaya daga cikin dabarun da suka yaɗu ita ce a fitar da sandar giyar motar atomatik daga D, a tura ta gefen da ke da alamar ƙari da ragi, direba ya riƙa canza giya da hannunsa, bisa zaton cewa motar za ta koma shan mai kaɗan kamar mai kuloci.

Zaton yana da asali mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina masu shi ba. Direbobin da suka koyar da tuƙi a wannan yanki sun tashi ne da Peugeot 504, wadda kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975, da sauran motoci masu kuloci irin su J5 da Golf, kuma a zamaninsu gaskiya ne cewa atomatik ta fi manuwal shan mai, sannan ta fi ta wuyar gyara. Daga baya ne motocin da ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano suka cika kasuwa, musamman Toyota Corolla da Camry da Honda Accord da aka yi amfani da su a Amurka, inda kusan kowace mota atomatik ce. Motocin sun canza, amma ilimin da aka gada a tasha da gareji ya tsaya a kan na da, shi ya sa tambayar ke bukatar a koma ga yadda injin da giya ke aiki.

Injin fetur ba ya ba da ƙarfi iri ɗaya a kowane gudu, yana da wani tsakaitaccen zango na juyawa inda yake fitar da aiki mai yawa daga mai kaɗan, kuma aikin giyabos shi ne ya riƙe injin a kusa da wannan zango duk da cewa gudun tayoyi yana hawa yana sauka. Agogon da ke gaban direba mai lambobi daga 1 zuwa 7 ko 8 yana nuna yawan juyin injin a minti ɗaya, kowace lamba tana wakiltar juyi 1,000. Ƙaramar giya tana sa injin ya yi juyi da yawa kafin taya ta yi ɗaya, abin da ke ba da ƙarfin tashi da hawan tudu, babbar giya kuwa tana barin motar ta yi nisa da juyi kaɗan. Kowane juyi yana da harajinsa, domin ƙarafa suna gogar juna, kuma injin yana wahalar zuƙar iska ta ƙofar totur da ba a buɗe sosai ba. Saboda haka, a gudu ɗaya kuma a hanya ɗaya, motar da ke cikin babbar giya da ƙarancin juyi ita ce mai shan mai kaɗan, muddin ba a danne injin har ya fara karkarwa ba.

Abin da ya jawo wa tsohuwar atomatik baƙin suna shi ne abin da aka sa a madadin kuloci. Tsakanin injin da giyabos akwai wata rufaffiyar tukunya cike da man giya, a cikinta fanka biyu suna fuskantar juna, ɗaya injin ke juya ta, tana watsa mai a kan ɗayar har ita ma ta juya ta tura ƙarfi zuwa tayoyi. Da yake mai ne ya haɗa su ba ƙarfe ba, ta biyun kullum tana bayan ta farko, kuma wannan sulɓi yana zama zafi maimakon tafiya, zafin kuma fetur ne aka ƙona a banza. Ga shi kuma giyoyin ba su da yawa, domin yawancin atomatik na da uku ne kawai. Giyar atomatik ta farko da aka ƙera da yawa, wato Hydra-Matic ta kamfanin General Motors, ta fito ne a motocin Oldsmobile na 1940, kuma an shafe shekaru da dama kafin a magance matsalar sulɓin a yawancin motoci. Daga ƙarshen shekarun 1970 kamfanoni suka yawaita saka wani ɗan kuloci a cikin tukunyar, wanda ke kulle fankokin biyu su zama abu guda da zarar mota ta daidaita a kan gudu, sannan aka miƙa zaɓen giya ga kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira birenbos, aka kuma ƙara yawan giyoyin zuwa biyar da shida har takwas. A motocin zamani tazarar da ke tsakanin atomatik da manuwal ta rufe, a wasu ma atomatik ce ke gaba.

Tsarin canza giya da hannu ya shahara ne da sunan Tiptronic, wanda kamfanin Porsche na Jamus ya fito da shi a motarsa ta 911 a wajajen 1990, kuma an yi shi ne don jin daɗin tuƙi da mallakar mota a kwana da gangara, ba don tsimin mai ba. Babban abin da ya kamata a fahimta shi ne tura sanda zuwa gefen ƙari da ragi ba ya canza komai a cikin giyabos, domin tukunyar mai tana nan, nauyinta yana nan, kuma sandar saƙo kawai take aikawa ga birenbos, wadda ke da ikon ƙin amincewa idan ta ga umarnin zai cutar da injin. A motocin Toyota da yawa masu alamar S, lambar da ke fitowa a gaban direba ba giyar da motar ke ciki ba ce, iyaka ce ta sama da aka gindaya mata. Idan an ga S4, ma'anarsa motar za ta ci gaba da canza giya da kanta daga ta ɗaya zuwa ta huɗu, amma an haramta mata shiga ta biyar da ta shida, waɗanda su ne giyoyin tsimi.

A nan ne asarar da ba a gani take ɓuya. Direban da ya fito daga Makarfi ya hau babban titin Kano zuwa Zariya a Tashar Yari, ya tura sanda zuwa S da niyyar tsimi, ya bar ta a S4 yana gudun kilomita 100 a awa, zai ji motar ta ƙara kuzari kuma tana amsa totur nan take, sai ya ɗauka ta fi lafiya, alhali kuzarin nan alama ce ta injin da ke juyi fiye da bukata. Haka abin yake a tsofaffin Corolla da Camry masu giya huɗu, inda wani ɗan maɓalli ke jikin sandar daidai inda babban yatsa ke sauka. Idan an danna shi, rubutun O/D OFF yana kunnuwa a gaban direba, ma'ana an kashe giya ta huɗu, kuma injin da ya kamata ya tsaya a wajajen juyi 2,500 zai iya hawa zuwa 3,500 a gudu ɗaya. Akwai masu ganin fitilar a kunne su ɗauka alamar lafiya ce, su yi watanni a haka. Ko da a ce ƙarin shan man kashi 10 cikin 100 ne kawai, motar da ke shan lita 8 a kilomita 100, wadda ke cin wannan tazara kullum na kwana 25, ta zubar da lita 20 a wata ba tare da ta kai kowa ko'ina ba.

Duk da haka, akwai ɗan gurbin da hannu ke iya tsere wa kwamfuta. A motar da tsarinta ke riƙe giyar da aka zaɓa da gaske, direba mai natsuwa zai iya hawa giya da wuri, a wajajen juyi 2,000, ya kuma hana motar saukowa ƙaramar giya a kan ɗan tudun da ya hango ƙarshensa, domin yana da idon da birenbos ba ta da shi. Ribar ba ta da yawa, kuma kuskure ɗaya na mantawa da mota a giya ta uku bayan an wuce shingen bincike ko kasuwar bakin hanya ya isa ya cinye ta. Abin da ya fi sauƙi shi ne a bar motar a D a sassauta ƙafa, tun da birenbos tana karanta nufin direba ne daga yadda yake taka totur: taka a hankali yana sa ta hau giya da wuri, dannawa da ƙarfi kuma yana sa ta sauko ta riƙe ƙaramar giya.

Wata al'adar da aka gada daga zamanin kafireto ita ce sa mota a firi a kan gangara. A motocin da ke da nozul da kwamfuta, idan direba ya ɗage ƙafa daga totur alhali mota tana cikin giya kuma tana da gudu, birenbos takan yanke fetur gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya injin har sai juyin ya sauko kusa da na tsayuwa. A firi kuwa dole injin ya ci gaba da shan mai don kada ya mutu. Gaskiya ne motar da ke firi takan gangara da nisa fiye da wadda ke cikin giya, amma abin da za a samu bai kai haɗarin da aka ɗauka ba, domin an rasa riƙon injin, nauyin tsayawa duka ya koma kan birki, kuma babu ƙarfin kauce wa babur ko garken shanu da ya faɗo hanya ba zato. A hanyoyin da yara ke tallar rake a bakin kwalta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ainihin amfanin giyar hannu a wannan yanki yana bayyana ne da zarar an sauka daga kwalta. A watan Agusta, lokacin da hanyoyin burji da ke shiga ƙauyuka da fadamun rake suka zama taɓo, tashi da giya ta biyu a motar da ta yarda da hakan yana rage wa tayoyi zafin juyi, sai su kama ƙasa maimakon su haƙa rami su nutse. Haka nan motar da aka cika da buhunan masara ko kwandunan tumatir, wadda ke tafiya a hankali cikin gargada, takan riƙa kai-komo tsakanin giya ta uku da ta huɗu, kuma kowane canji yana sakin kullen tukunyar yana ƙara wa man giya zafi, wanda shi ne babban mai kashe giyabos. Riƙe ta a giya ɗaya a irin wannan wuri yana ƙara shan mai kaɗan, amma yana kare abin da kuɗin gyaransa ya ninka na man nesa ba kusa ba. Ga mai son wuce tirela ma, sauko da giya kafin a fita ya fi aminci a kan jiran motar ta yanke shawara bayan an riga an shiga hannun wasu.

Wuraren da fetur ke zurarewa da gaske suna wajen giyabos. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin gaggawa, wato fizgar totur da taka birki da ƙarfi, yana rage nisan da lita ke kaiwa da kashi 15 zuwa 30 cikin 100 a babbar hanya, kuma shan mai yana hawa da sauri da zarar gudu ya wuce kimanin kilomita 80 a awa, saboda turjiyar iska tana ƙaruwa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa. Kayan da aka ɗaure a kan rufin mota suna ƙara wannan turjiya, tayar da iskarta ta ragu kuma tana jan ƙasa, abin da mai faci ke gyarawa cikin minti biyar. Akwai kuma al'adar da ta zama ruwan dare a garejoji ta cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwan lagireto har injin ya yi ɗumi, bisa hujjar cewa an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Injin da aka cire wa shi yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da asubahin hunturu, kuma muddin birenbos tana ganin injin da sanyi za ta ci gaba da ƙara masa fetur, a wasu motocin ma ta jinkirta kulle tukunya ko shiga babbar giya, ta yadda abin da ake ɗora wa atomatik laifinsa ya samo asali ne daga hannun makanike.

Mai motar da ke son sanin gaskiyar tasa motar yana da hanyar aunawa da ba ta dogara da allurar tanki ba, wadda ba ta sauka daidai wa daida. Zai cika tanki har famfon ya tsaya da kansa, ya rubuta lambar kilomita, ya yi zirga-zirgarsa ta mako guda a D, sannan ya koma famfo ɗaya a gidan mai ɗaya ya sake cikawa, ya raba kilomitocin da ya ci da litocin da suka shiga. Mako na biyu sai ya maimaita da giyar hannu a kan hanya ɗaya da lodi mai kama da na farko, kuma ya fi kyau a yi gwajin a lokacin rani, kafin ruwan sama ya canza yanayin hanyar tsakanin mako da mako.