Tarin Fuka da Tarihin Gida a Yola da Jimeta

Idan matashi mai shirin zama malamin makaranta ya rasu da tarin fuka a Yola ko Jimeta, akan ji dangi a zaman makoki suna cewa ciwon gidansu ne, tunda kaka ta yi fama da tari, kawu ma shi ya yi ajalinsa. Jerin sunayen da suke kawowa yawanci daidai ne, sai dai hukuncin da suke yankewa a kansa kuskure ne, domin wannan ciwo ba ya bin jini. Ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, wadda likitan Jamus Robert Koch ya bayyana a Berlin ranar 24 ga Maris 1882, kuma tana shiga iska idan mai ɗauke da ita a huhu ya yi tari ko atishawa, ta daɗe tana shawagi a ɗakin da ba ya samun iska da rana.

Abin da ya sa ciwon yake kama da gado shi ne yadda ƙwayar take kwanciya a jiki shekara da shekaru ba tare da wata alama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ita, amma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 daga cikinsu ne kawai ciwon yake bayyana gare su, galibi idan garkuwar jiki, wato ƙarfin da jiki yake yaƙar cuta da shi, ta raunana saboda ƙarancin abinci, ciwon suga ko ƙanjamau. Ke nan yaron da aka ba kaka riƙo, ya girma a ɗakinta, yana iya ɗaukar ƙwayar tun yana firamare, ta jira shi har ya shiga kwaleji.

Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Jimeta, wadda aka kafa a 1974, tana horar da malamai masu neman shaidar NCE, kuma shekarun da matasa suke shiga irin wannan karatu su ne shekarun da tarin fuka yake yawan tashi. Ɗalibi a ko'ina yakan yi cunkoso da abokai a ɗakin haya, ya rage abinci don kuɗi su kai ƙarshen zango, idan tari ya fara kuma ya ɗora laifin a kan ƙurar hunturu ko ta alli, ya sayi maganin tari a kemis. Alamun da ya kamata su kai shi asibiti sanannu ne, wato tari na mako biyu ko fiye, zazzaɓi, zufar dare da rama, amma tsoron a ware masa kwano, ko a fasa ba shi aure, ko a jingina masa ƙanjamau, yakan sa ya yi shiru har jini ya bayyana a kaki. Ga gidan da ya sayar da dabba ko amfanin gona don ya samu malami na farko a zuriya, rashin ya fi na rai guda, kuma da yake salsala tana bin waɗanda suka haihu ne, sunan wanda ya rasu saurayi yakan ɓace bayan tsara biyu.

Kakannin da suka kamu kafin shekarun 1940 ba su da magani, domin a lokacin ne aka samo streptomycin, isoniazid kuma ya biyo baya a 1952. A yau magani kyauta ne a ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta, wanda cibiyar horar da ma'aikatansa take Saye kusa da Zariya, kuma ana shan ƙwayoyi iri huɗu wata biyu, sannan iri biyu wata huɗu. Na'urar GeneXpert, wadda take binciken kaki cikin kimanin awa biyu, tana nuna ko ƙwayar cutar ta daina jin rifampicin, ɗaya daga cikin waɗannan magunguna, abin da yakan faru idan an yanke magani a tsakiya don an ji sauƙi. Duk da haka Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu ciwon, kuma cunkoson da ya biyo bayan faɗuwar Mubi hannun Boko Haram a Oktoba 2014, lokacin da mafi yawan 'yan gudun hijira suka sauka a gidajen 'yan uwa a Yola da Jimeta maimakon sansanoni irin na Malkohi, ya ƙara yawan masu kwana ɗaki guda.

Shi ya sa ma'aikacin lafiya yake tambayar wa ya taɓa yin doguwar jinyar tari a gida, da wa yake kwana ɗaki ɗaya da majinyaci, domin a gwada su, a kuma ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin kariya ko da ba su nuna alama ba.