Soyayyar Shinkafa Da Daddawa: Ki Gwada Ta Da 'Yar Gida

Uwargida, sau nawa aka ce miki soyayyar shinkafa ba ta yin kyau sai da 'yar waje, da kori, da dunƙule huɗu ko biyar? Har ta kai wasu sun mayar da ita abincin Sallah da suna kawai, saboda tsadar kayan haɗi.

Ki dubi Bagudo a jihar Kebbi. Kogin Kwara ya ratsa ƙaramar hukumar, fadamunta na ba da shinkafa damina da rani, ga kuma Jamhuriyar Benin daga can gefen Lolo da Tsamiya. Shekaru da dama buhunan Tailan da Indiya da ake saukewa a Kwatano na tsallakowa ta iyakar Benin, har manomi ya sayar da tasa, matarsa ta auno baƙuwa idan za ta yi girkin fita kunya. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, tukwane da yawa suka koma kan 'yar gida, sai ƙorafi ya tashi: wai tana caɓewa, wai tsakuwa.

Tsakuwa dai maganinta rege. Caɓewa kuwa yawanci laifin ruwa ne. Ki samu shinkafar gumi wadda ta bushe sosai, ki wanke har ruwan ya daina fari. Ki dafa ta cikin romon nama ko na busasshen kifi, ruwan ya ɗan rufe ta kawai. Ki fasa kimba guda ɗaya, ki zubar da 'ya'yan saboda ɗaci, ki jefa ɓawon, da ɗan kurkum don launi. Ki sauke tun da sauran ƙarfinta, ki cire kimbar, ki baza shinkafar a faranti ta sha iska. Wadda aka juye da zafinta cikin mai ita ce ke komawa kamar tuwo.

Yanzu ga inda na san za ki ɗan ja baya: daddawa. Ba a miyar kuka kaɗai take aiki ba, kuma maƙwabtanmu na arewacin Benin ma suna yin tasu daga kalwa, suna kiranta sonru. Warin da yara ke gudu na wadda ba ta soyu ba ne. Ga gwangwani huɗu na shinkafa, ƙulli ɗaya ya isa. Ki daka ta lukwi da citta, tafarnuwa, masoro da kanumfari biyu, kada ki wuce biyu. Ki soya albasa a man gyaɗa, ki zuba dakan, ki rage wuta ki yi ta juyawa har warin ya koma ƙamshi. Sannan attaruhu, hanta ko kifin da kika gyara, sai karas da koren wake. Shinkafar ki riƙa soya ta kashi-kashi, kada ki cika kasko. Lawashi a ƙarshe, in babu ki barbaɗa gabu.

Dunƙule ɗaya ya wadatar, in ma za ki sa. Kaso mai yawa na dunƙule gishiri ne, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Idan Maigida ko Hajiya na fama da hawan jini, wannan ragin ba ƙarami ba ne.

Ki kula da abu guda a wannan zafin namu: dafaffiyar shinkafa ba ta son zama a waje. Da ta huce ki soya, kada ki bari ta wuce awa ɗaya ko biyu a faranti. Wadda za ki zuba wa yara su tafi makaranta, ki soya ta da safen nan, ki rufe ta da zafinta a kula.