Finafinan da Ake Kallo a Magarya da Dungas

Masu kallon fim a Magarya da Dungas, da ke bakin iyakar Najeriya, sun fi sabawa da finafinan Kannywood na Kano da na Indiya da aka fassara da Hausa. Matasa kan biya a tura musu su a waya. Wasu na yaba shirye-shirye masu dogon zango irin Labarina saboda ƙarfin labarinsu, wasu kuma na sukar yawan rawa da waƙa a finafinan soyayya. A ɓangaren masu shirya fim masu zaman kansu, fim ɗin Zinder na Aisha Maki, wanda ya fito a 2021, ya nuna rayuwar matasan unguwar Kara-Kara ta Damagaram, kuma an haska shi a bukukuwan finafinai na ƙasashen waje.