Jan Ƙarfe Ko Alminiyum: Abin Da Ya Sauya Indararon Gidajen Amurka Da Turai

Duk milimita 1 na ruwan sama da ya sauka a kan murabba'in mita 1 na rufi, lita 1 ke nan. Gidan da rufinsa ya kai murabba'in mita 150 zai zubo da lita 3,000 a ruwa guda mai milimita 20, kuma idan ba a tare shi ba, gindin bango zai nufa, ya jiƙa tushen gini har ya tsage. Shi ya sa a Amurka da Turai ake kewaye bakin rufi da doguwar indararo mai tattara ruwa ta miƙa shi ga bututun da ke sauke shi ƙasa. A da, katako da dalma da jan ƙarfe da ƙarfe mai rufin tutiya ake amfani da su. Yau alminiyum ya mamaye gidajen talakawa da masu matsakaicin hali a Amurka, jan ƙarfe kuwa ya koma na coci-coci da tsofaffin gine-gine da gidajen masu hannu da shuni. Wannan sauyi bai nuna cewa alminiyum ya fi inganci ba. Abin da ya nuna shi ne ya fi dacewa da irin rufin da ake yi yanzu da kuma tsawon zaman da mutane ke yi a gida ɗaya.

Dalili na farko farashi ne, kuma yana da tarihi. A 1884, lokacin da aka ɗora ƙaramin dala na alminiyum a ƙololuwar hasumiyar tunawa da Washington, ƙarfe ne mai tsadar gaske. Shekara biyu bayan nan, a 1886, Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a gefensa, suka gano hanyar tace shi da lantarki, farashinsa ya yi ta faɗuwa. Jan ƙarfe kuwa kullum masu nemansa ƙaruwa suke, domin shi ne wayar lantarki, shi ne cikin injina, yanzu ga motoci masu aiki da batir. A watan Mayun 2024 tan ɗaya ya kai wajen dala 11,000 a kasuwar ƙarafa ta Landan, alhali alminiyum bai kai dala 3,000 ba. Ga kuma nauyi: jan ƙarfe ya ninka alminiyum fiye da sau uku, 8.96 da 2.7 a ma'aunin giram a kowane santimita kubik. Saboda haka mai sayen indararon jan ƙarfe yana biyan tsadar kilo, yana kuma sayen kilo masu yawa.

Dalili na biyu, wanda ba a cika ambata ba, yanayin aikin ne. Tun wajen shekarun 1960 aka fara yayin indararo marar gaɓa. Ma'aikaci kan zo da mota ɗauke da inji da naɗin fallen alminiyum da aka riga aka yi wa fenti, ya zura fallen ta gefe ɗaya, indararo ta fito ta ɗaya gefen daidai tsawon bangon, ya yanke, ya ɗaura, ya shafa gam a kusurwoyi. Mutum biyu kan gama gida a yini ɗaya. Jan ƙarfe kuwa sai ƙwararren maƙeri da zai goge bakin kowace gaɓa, ya narka dalma ya liƙe ta, kuma ƙusoshi da maƙalai dole su zama na jan ƙarfe ko tagulla ko baƙin ƙarfen da ba ya tsatsa. Irin waɗannan maƙera sun yi ƙaranci, ladansu ya hau, ƙarancin masu saye kuma ya sa matasa ba sa koyon sana'ar. Tsada ta haifi ƙarancin gwanaye, ƙarancin gwanaye ya sake haifar da tsada.

Masu goyon bayan jan ƙarfe suna da hujja mai ƙarfi, wato araha ba ta ado. Magina a Amurka kan ƙiyasta wa indararon alminiyum shekara 20 ko ɗan fiye, ta jan ƙarfe kuwa 50 zuwa sama. Alminiyum yana lotsewa idan aka jingina masa tsani ko ƙanƙara ta doke shi, iskar bakin teku mai gishiri tana cin sa, kuma yana miƙewa da zafi fiye da jan ƙarfe. Indararo mai tsawon mita 10 takan ƙaru da kusan milimita 9 idan zafi ya hau da digiri 40, jan ƙarfe kuwa kusan 7, kuma wannan kai da komo shi ke tsattsage gam ɗin kusurwa har ruwa ya fara ɗiga. Jan ƙarfe ba ya buƙatar fenti, domin iska da danshi suna yi masa wata koriyar fata mai kare abin da ke ƙarƙashinta, irin wadda ta lulluɓe mutum-mutumin 'Yanci na New York da aka ƙaddamar a 1886. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai lissafin yana ɗauka cewa rufin zai rayu tsawon ran indararon, kuma mai gidan zai zauna ya ci moriyarta. Mafi yawan gidajen Amurka rufin falle-fallen kwalta gare su, wanda ake sauyawa bayan shekara 20 zuwa 30, sau da yawa tare da indararon, kuma masu gida da dama sukan sayar su tashi kafin nan. Wanda ya sa jan ƙarfe a irin wannan gida ya biya wa wani ne, kuma ba lalle mai saye ya mayar masa da kuɗinsa ba.

Akwai kuma matsalolin da tsada kanta ke jawowa. Abin da ke da daraja a wurin 'yan gwangwan yana jan ɓarayi, har satar ƙarafa daga rufin coci da layin dogo ta sa Birtaniya ta kafa doka a 2013 mai tilasta wa dillalan tsofaffin ƙarafa yin lasisi da tantance mai sayarwa, ba kuma a biya da tsabar kuɗi. Jan ƙarfe ba ya jituwa da maƙwabta: ruwan da ya bi ta kansa ya zuba a kan alminiyum ko kwano mai tutiya yana cinye su sannu a hankali, don haka ba a haɗa indararon jan ƙarfe da bututun alminiyum don rage kuɗi. Ɗan abin da ruwa ke wankowa daga jikinsa ma yana cutar da kifi idan ya taru a rafi. Ta fuskar muhalli kuwa, ko da yake tace alminiyum na cin lantarki mai yawa, sake narka tsohonsa ba ya cin fiye da kashi 5 cikin 100 na wannan wuta.

Illar rinjayen alminiyum ita ce ya saba wa mutane da kallon indararo a matsayin abin da ake cirewa a yar, har ana liƙa shi a inda bai dace ba. Tsohon gini mai rufin dutse ko na yumɓu da ke iya kai wa shekara 100, wanda hawa samansa sai an kafa katakai masu tsada, asara ce a sa masa abin da za a sauya sau huɗu kafin rufin ya gaji. A nan jan ƙarfe ne mai araha, haka ma a gidan bakin teku. Amma ga gida mai rufin kwalta ko na kwano, alminiyum mai kauri, wanda aka ɗaura da ɗan gangare kuma ake share masa ganye, ya wadatar. Tambayar da ta kamaci mai gida ita ce shekara nawa suka rage wa rufinsa, sannan ya sayi indararon da za ta kai shi can.