Ciwon Dajin Mama: Abin da Ya Kamata Uwa Mai Ƙananan Yara Ta Sani

Ciwon dajin mama, wanda wasu ke kira sankara, shi ne dajin da ya fi kowanne yawa a tsakanin matan Nijeriya. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 mata fiye da 32,000 ne suka kamu da shi a ƙasar nan, fiye da 16,000 kuwa suka rasu. Babban dalilin yawan rasuwar shi ne jinkiri, gama akasari ba a zuwa asibiti sai cutar ta riga ta yaɗu. Ba kuwa tsofaffi kaɗai take kamawa ba, har da masu goyo da masu ciki.

Tabbatar da cutar

Mafi yawan ƙullutun da kan fito a mama ba daji ba ne. Amma idan mai shayarwa ta ga ƙullutun da ya ƙi bajewa, ko kaluluwa a hammata, ko jini daga kan nono, kada ta ɗauka kumburin nono ne kawai. Likita zai ɗebi ɗan tsoka a duba a ɗakin gwaji, kuma wannan ne kaɗai ke tabbatar da ko daji ne. A guji sakiya da tsaga, domin ba sa kawar da cutar, sai dai su jawo gyambo, su kuma cinye lokacin magani.

Magani

A garin Gombe, Asibitin Koyarwa na Tarayya yana kula da masu wannan cuta. Magani yakan haɗa da tiyata, da allurai masu kashe ƙwayoyin daji waɗanda akasari ake yi bayan kowane mako 3, da gashi da na'ura. Wasu kuma akan ba su ƙwaya su sha kullum har shekara 5 ko fiye. Alluran kan jawo tashin zuciya, da kasala, da zubewar gashin kai, amma gashin yakan tsiro bayan an gama. Wadda ta katse magani don ta ga ƙullutu ya ragu ta bai wa cutar damar dawowa.

Goyo da juna biyu

Daji ba ya bin nono ya kama jariri. Duk da haka wajibi ne a dakatar da shayarwa muddin ana yin alluran, saboda maganin yana shiga nono. Ma'aikatan jinya za su nuna abin da za a ba yaron gwargwadon watanninsa. Mai ciki ta sanar da likita tun farko. Mai son ƙarin haihuwa ita ma ta faɗa kafin a soma magani, domin alluran na iya rage haihuwa.

Yara

Yaro yakan lura da canji a gida ko ba a gaya masa ba, kuma ɓoye-ɓoye yakan ƙara masa tsoro. Ya kyautu a gaya masa daidai hankalinsa cewa mahaifiyarsa ba ta da lafiya, likitoci suna yi mata magani, ba laifinsa ba ne, kuma ba a ɗaukar cutar ta runguma ko cin abinci tare. Kada a cire shi daga makarantar boko ko Islamiyya. Kada kuma a ɗora wa babbar ɗiya dukan aikin gida.

Miji da dangi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Alhakin maigida ne ya raka matarsa asibiti, ya saurari likita da kunnensa, ya kuma goyi bayan tiyata ba tare da ɓata lokaci ba. Cire mama ba ya rage darajar mace, ba kuwa dalilin gori ko saki ba ne. 'Yan uwa su raba girki da reno a tsakaninsu, musamman a kwanakin da ke bin allura. Addu'a da magani ba sa karo da juna.

Kuɗi

A shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta soma asusun tallafa wa marasa galihu masu dajin mama, da na bakin mahaifa, da na mafitsarar maza, kuma asibitin Gombe na cikin asibitoci 6 da aka fara zaɓa. Wanda kuɗin magani ya fi ƙarfinsa ya nemi bayani a sashen jin daɗin jama'a na asibitin kafin ya yanke ƙauna.

Ana kira ga sarakuna, da limamai, da shugabannin mata su isar da wannan saƙo ko'ina: dajin da aka gano da wuri, aka kuma bi maganinsa har ƙarshe, sau da yawa ana warkewa daga gare shi.