Dodo A Daren Biki: Fina-finan Kirsimeti Masu Ban Tsoro Da Makomar Tashenmu

Idan watan Disamba ya kama, hunturu ya lulluɓe duwatsun Dutse, manoman Buji sun kai gero da dawa rumbu, kuɗin riɗi da gyaɗa kuma sun shiga aljihu, akwai wata kasuwa da ke ci ba tare da manya sun kula ba. Kasuwar ita ce ta shagunan cajin waya da tura fina-finai. A Gantsa, hedikwatar ƙaramar hukumar Buji, kamar yadda yake a Birnin Kudu da Kiyawa, yaro kan miƙa waya da 'yan kuɗi kaɗan a cika masa ita da fassarar Indiya, da na Kannywood, da na Turawa. A cikin na Turawan akwai wani rukuni da ya cancanci a tsaya a dube shi: fina-finan ban tsoro da ke ɗaukar bikin Kirsimeti, lokacin zumunci da kyauta a wurin Kiristoci, su mayar da shi dare na firgici da zubar da jini.

Wannan salo ya daɗe. A shekarar 1974 Bob Clark ya fitar da Black Christmas a ƙasar Kanada, labarin wasu ɗalibai mata da wani makashi ke yi wa barazana ta waya a lokacin hutun Kirsimeti, alhali yana ɓoye a cikin gidan da suke kwana. Shekara goma bayan haka, a 1984, Silent Night, Deadly Night ya fito a Amurka, inda makashin ke sanye da kayan Santa Claus, tsohon nan mai farin gemu da jar riga wanda ake gaya wa yara shi ke kawo musu kyauta. Iyaye suka yi zanga-zanga a ƙofar gidajen sinima, har kamfanin TriStar ya janye fim ɗin bayan 'yan makonni. A 2024 kuwa Terrifier 3, wanda shi ma makashinsa ya ari rigar Santa, ya zo na ɗaya a kasuwar sinimar Amurka a makon da ya fito, yayin da Faransa ta haramta wa 'yan ƙasa da shekara 18 kallonsa. Abin da ya tayar da ƙura shekara arba'in baya, yau ya zama hajar neman kuɗi.

Dalilin da ya sa irin waɗannan fina-finai ke ratsa zuciya a fili yake. Mutum yakan shiga daji da shirin haɗuwa da kura, amma ranar biki, a tsakar gidansu, cikin 'yan'uwansa, yakan saki jiki. Mai shirya fim ya san haka, shi ya sa yake neman wurin da zuciya ta fi natsuwa ya dasa mata tsoro a can. Hannun da aka saba gani da kyauta, idan aka gan shi da gatari, firgicin ya ninka.

Sai dai masu fim ba su ne suka fara shigar da tsoro cikin wannan biki ba. A ƙauyukan tsaunukan Ostiriya da kudancin Jamus, a daren 5 ga Disamba, samari kan sa fatun awaki da fuskokin katako masu ƙahoni, su ɗaura ƙararrawa, su fito da sunan Krampus, dodon da ke rakiyar Waliyyi Nikolas domin tsoratar da yara masu ƙiriniya. Daga wannan al'ada aka ɗauko fim ɗin Krampus na 2015. A Ingila ma an daɗe ana ba da labaran fatalwa a daren Kirsimeti, kuma sanannen littafin Charles Dickens na 1843, A Christmas Carol, labari ne na fatalwowi da suka ziyarci wani marowaci har ya tuba. A waɗannan tsofaffin al'adu tsoro yana da aiki, yana kuma da iyaka. Dodo ya zo, ya yi gargaɗi, ya tafi. Gari ya waye, saurayin ya cire fuskar katako, kowa ya gane ɗan maƙwabci ne.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Duk wanda ya tashi a karkarar Jigawa ya san daren farin wata, lokacin da kaka ke tara jikoki ta buɗe da ga ta nan ga ta nanku. A cikin tatsuniya Dodo yana haɗiye mutane, yana tsare rijiya, yana auren yarinyar da ta ƙi jin maganar iyaye. Yara su ƙanƙame juna, amma sun san ƙurunƙus na nan tafe, kuma mai ba da labarin ita ce za ta lulluɓe su da zane idan barci ya ɗauke su. Haka ma tashe, wanda ake farawa idan azumi ya kai kwana goma. Yara maza su shafa baƙin tukunya, su manna gemun auduga, su yafa tsummoki, su bi gida gida suna kwaikwayon tsoho da boka da mahaukaci. Ƙananan yara su ruga bayan iyayensu mata, manya su yi dariya su ba da hatsi ko 'yan kuɗi. A birnin Kano, Nalako, sarkin gwagware, yana farautar marasa aure da ganga da barkwanci. Wasa ne mai ɗan razanarwa a cikin wata mai alfarma, kuma a ƙarƙashinsa akwai hannunka-mai-sanda ga marowaci, da malalaci, da mai ƙin aure.

Bambancin tsohon tsoro da na cikin waya yana nan. Na tatsuniya da na tashe ana jin su ne a cikin jama'a, daga bakin wanda aka sani, kuma suna da ƙarshe. Na waya kuwa yaro ɗan shekara goma ke kallo shi kaɗai a zaure ko a ƙarƙashin bargo, babu mai yi masa bayani, babu mai ce masa ya isa. Turawan da suka shirya fina-finan sun gindaya musu ƙa'idar shekaru. A Amurka, koke-koken iyaye kan wasu fina-finai, ciki har da Gremlins na 1984, wanda shi ma a lokacin Kirsimeti labarinsa ke gudana, su suka haifar da sabon matakin gargaɗi na 'yan ƙasa da shekara 13. A Nijeriya akwai hukumar tace fina-finai ta ƙasa tun 1993, Kano kuma ta kafa tata a 2001. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ke zaune a shagon tura fim na ƙauye. Fim ya tsallako teku, gargaɗinsa ya tsaya a can.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabtaka. Kiristocin da ke zaune a Dutse da sauran garuruwan Jigawa suna bikinsu ne da zuwa coci, da sabbin kaya, da rabon shinkafa da nama ga maƙwabta. Saurayin da bai san Kirsimeti ba sai ta fim ɗin makashi mai jar riga zai tashi da gurguwar fahimta game da mutanen da yake haɗuwa da su a kasuwa. Mu ma ba za mu so a auna Babbar Sallah da wani fim da ya mayar da wuƙar layya makamin kisa ba.

Kada kuma a ɗauka wannan guguwa ba za ta iso bukukuwanmu ba. A Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya shekaru da dama, hutun Ƙaramar Sallah ya zama babban lokacin fitar da fina-finan ban tsoro. KKN di Desa Penari, wanda ya fito dab da Sallar 2022, ya ja 'yan kallo sama da miliyan 9, kuma a makon Sallar 2024 aka fitar da Siksa Kubur, wato azabar kabari. Kannywood, wadda ta fara da Turmin Danya a 1990, ta saba da labaran aljanu da bokaye, ta kuma saba ɗora manyan fina-finanta a kan bikin Sallah. Ba da daɗewa ba wani zai ga cewa daren tashe, da duhunsa da fuskokinsa masu baƙin tukunya, fage ne da ya dace da labarin firgici. Idan ranar ta zo, hanyoyi biyu ne a gabansa: ko ya kwaikwayi mahautan fim na Amurka, ko ya koma ga hikimar kaka, inda Dodo ke cin mai girman kai ya bar mai ladabi.

Abin takaici shi ne, tun kafin masu fim su taɓa shi, tashe ya fara zama abin tsoro na gaske. A 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan Kano ta sha dakatar da shi saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa da shi. Garuruwan Masarautar Dutse har yanzu suna da damar kare nasu, domin a ƙauye kowa ya san ɗan kowa. Masu unguwanni da dagatai za su iya sa ido, a kuma tsayar da lokacin farawa da na tashi. Malaman harshe da al'adu na Jami'ar Tarayya ta Dutse za su iya naɗar wasannin tashe da tatsuniyoyin yankin Buji tun tsofaffin da suka san su suna raye. Mai shagon tura fim ya dubi shekarun yaron da ya miƙo waya, uba kuma ya riƙa duba abin da ke cikinta, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yaro ba zai daina son abin da ke sa gabansa faɗuwa ba, haka Allah Ya halicce shi. Aikin manya shi ne su tabbata labarin da ya firgita shi yana da mai ba da shi, yana da darasi, yana kuma da ƙurunƙus.