Sunan Ma a Ƙasar Sin: Daga Ina Ya Fito?

Duk malamin da ya taɓa kiran suna a aji ya san wahalar sunaye a wurinmu. Wani yaro ya ba ka sunan ubansa, wani na kakansa, wani kuwa na garinsu. Da na bincika yadda Sinawa su ke yi, sai na tarar su suna da sunan zuriya wanda a ke gāda daga uba, kuma shi su kan fara faɗa kamin sunan yanka. Bari in ɗauki guda ɗaya, watau Ma, in nuna muku asalinsa da inda ya bazu.

A bakin Sinawa, ma'anar "ma" doki. Amma farkon masu sunan ba daga kiwon dawaki su ka samo shi ba. Wajen shekara 270 kamin haihuwar Annabi Isa, wani sarkin yaƙi na ƙasar Zhao, mai suna Zhao She, ya kori rundunar ƙasar Qin. Don haka sarkinsa ya naɗa shi sarautar wani wuri da a ke kira Mafu. Zuriyarsa su ka riƙe sunan wurin, kamar yadda wasunmu su kan ɗauki Kano ko Shagari, daga baya su ka gajarta shi ya koma Ma. A zamanin daular Han su ka yi ƙarfi a Fufeng, cikin lardin Shaanxi na yanzu. Daga nan ne jarumi Ma Yuan ya fito, wanda ya kai yaƙi arewacin Biyetnam a shekara ta 42 da 43.

To, akwai kuma tushe na biyu. A ƙarni na 13, sa'ad da Mongol su ka ci ƙasar Sin, sun kawo Musulmi da yawa daga Farisa da tsakiyar Asiya, sojoji da fatake da ma'aikata. Jikokinsu su ka zauna, su ka koyi harshen ƙasar, su ne a ke kira Hui. Da su ka bukaci sunan zuriya irin na Sinawa, masu yawa su ka yanki gaɓar farko ta Muhammadu ko Mahmudu, su ka zama Ma. Mu ma ai haka mu ka mai da Muhammadu Mamman.

Shi ya sa sunan ya yi yawa ƙwarai a lardunan da Musulmi su ke, kamar Gansu da Ningxia da Qinghai a arewa maso yamma, da Yunnan a kudu maso yamma. A Yunnan aka haifi Ma He a 1371, ɗan wani alhaji. Shi ne Zheng He, wanda ya shugabanci jiragen ruwan Sin sau bakwai tsakanin 1405 da 1433, har jiragen su ka kai gaɓar gabashin Afirka. A 1877 da 1878 kuma, bayan an murƙushe tawayen Musulmi, waɗansu su ka gudu da sunan zuwa inda Kirgistan da Kazakistan su ke yanzu. Ƙaura ta kai shi Taiwan, inda Ma Ying-jeou ya yi shugabanci daga 2008 zuwa 2016.

Ke nan in ka gamu da Basine mai suna Ma, kada ka yi saurin yanke masa asali ko addini. Mai yiwuwa jikan Zhao She ne, mai yiwuwa kuma kakansa bafatake ne daga Bukhara. 'Yan'uwana masu shirin koyarwa, haka abin ya ke a ajin da za a ba mu gobe. Yara biyu na iya amsa suna ɗaya alhali gidajensu ba su haɗa komai ba. Mu tambayi yaro kamin mu rubuta.